Cutar mantuwa: Ƙarancin ma'aikata na barazana ga tsofaffi a gidajen kula da su a Ingila

A watan Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta rufe ƙofar ɗaukar sababbin ma'aikatan kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, ƙofar da dubban 'yan Najeriya da Indiya da Zimbabwe suka shiga ta cikinta tun 2022. Muhawarar da ta biyo baya ta karkata ga batun baƙin haure da ƙidayar baƙi, aka manta da waɗanda matakin zai fi shafa. Ƙungiyar Alzheimer's Society ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na mazauna waɗannan gidaje na fama da cutar mantuwa ko matsananciyar matsalar ƙwaƙwalwa.

Mafi wahalar aikin shi ne lokacin da tsoho ya fara ihu, ko ya kai wa mai yi masa wanka duka, ko ya dage da yamma sai ya tafi gidan da ya bari shekaru da dama. An daɗe ana magance hakan da magungunan taɓin hankali masu sa kasala. Rahoton da Farfesa Sube Banerjee ya miƙa wa gwamnati a 2009 ya nuna cewa kimanin mutum 180,000 ake bai wa irin waɗannan magunguna, waɗanda suke amfana ba su wuce 36,000 ba, kuma suna janyo ƙarin mace-mace kusan 1,800 a shekara.

Sau da yawa abin da ake kira rigima saƙo ne daga mutumin da harshe ya gaza masa. Ciwon haƙori, ƙishirwa, cutar mafitsara ko tsoron baƙuwar fuska, duk suna fitowa a matsayin fushi. Wani bincike a Norway a 2011 ya gano cewa maganin ciwo, galibi farasitamol kawai, ya rage hargitsin tsofaffi sosai. A 2018 kuma, shirin WHELD da Farfesa Clive Ballard ya jagoranta a gidaje 69 ya nuna cewa horar da ma'aikata, tare da ware sa'a ɗaya a mako ta hira da abin da tsohon ke so, ya kwantar da hankalinsu.

Sai dai duk wannan ya dogara ne ga ma'aikacin da ya zauna har ya san cewa wance ba ta son namiji ya taɓa ta, wane kuma tsohon direba ne da ke tashi da asuba. Horo ba ya tsiro a wurin da ma'aikata ke shiga suna fita, ga albashi da bai fi mafi ƙanƙanta da komai ba. Alƙaluman hukumar Skills for Care sun nuna kusan ma'aikaci ɗaya cikin huɗu na barin aikinsa a shekara. Ƙa'idar hukumar NICE ta 2018 ta ce a binciki musabbabi kafin a ba da magani, amma ma'aikaciya ɗaya mai tsaron dare a kan ɗakuna da dama ba ta da lokacin wannan bincike, kuma ita ce ake duka, ita ce ake tuhuma idan tsoho ya faɗi.