Daga Kasuwar Katsina zuwa Alabama: Shaidar da Nazarin Hausa Ya Tsallake

Idan aka ambaci jihar Alabama a ajin tarihi, abin da ɗalibi daga Wurma ko Kurfi zai tuna shi ne ƙaurace wa motocin bas a Montgomery a 1955 da tattakin Selma na 1965. Da wuya ya ji cewa fiye da shekara tamanin kafin Rosa Parks, wani da aka taɓa sayarwa a Katsina ya koyar da 'ya'yan 'yantattun bayi a wannan jiha.

Sunansa Muhammad Ali ɗan Sa'id, Turawa kuwa sun san shi da Nicholas Said. Haifaffen Kukawa ne, ɗan Barka Gana, jarumin yaƙin Shehu al-Kanemi. Buzaye suka kama shi yana yaro, aka sayar da shi a Katsina, ayari ya bi da shi ta Damagaram da Murzuk har Tarabulus. Bayan Istanbul da Rasha ya isa Amurka, ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863. Da yaƙin basasa ya ƙare sai ya gangara kudu yana karantarwa, aka buga tarihin rayuwarsa a Memphis a 1873.

Za a ce Babarbare ne, me ya haɗa shi da nazarin Hausa? Kasuwar ce ta haɗa su. Barth ya shigo Katsina a 1851, kuma har yau shi manazarta ke kafa hujja da shi. Barth baƙo ne da ya kalli ciniki; Sa'id shi ne hajar. Bai kamata a riƙe shaidar ɗaya a yar da ta ɗayan ba.

Sai dai littafin na bukatar karatun taka-tsantsan. Ko kalma ɗaya bai faɗa ba game da aikin sojansa, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda a ƙasar da rundunarsa ta yaƙa yake sayar da shi. Mai iya wannan shiru zai iya wani game da Katsina.

Abin da zai auna maganarsa yana bakin dattawan garuruwa irin su Wurma, waɗanda suka gaji labarin hare-haren Maraɗi da na dajin Ruma. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana kusa da su. Ya dace a mayar da babin Katsina zuwa Hausa, a karanta musu, a naɗi abin da za su gyara, tun suna da rai.