Kada Mu Yi Saurin Ƙaryata Herodotus

Jama'a, mu da za mu fita koyar da tarihi, ina ganin bai kamata mu yi gaggawar kiran labarin mutanen dā tatsuniya ba. Ku dubi Sarmatiyawa. Makiyaya ne mahaya dawaki, harshensu dangin Farisanci, suka yi zamani a filayen da ke kudu da duwatsun Ural tun wajen ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. Ba su bar mana rubutu ba.

Herodotus, masanin tarihin Girka, ya ce asalinsu wasu mata ne mayaƙa da suka auri samarin Sikitiyawa, wai har budurwarsu ba ta aure sai ta kashe abokin gaba. Wa zai ji wannan bai yi murmushi ba?

To, amma cikin shekarun 1990 aka tone tudun kaburburansu a Pokrovka, ƙasar Rasha, dab da iyakar Kazakistan. Sai ga waɗansu mata an binne su da kibau da wuƙaƙe, yawanci kuwa da duwatsun wuya da madubi.

Ban ce auren nan ya auku ba, kabari ba ya faɗin wanda ya auri wance. Amma matar da ke kwance da kibanta, ba Herodotus ya ƙago ta ba.