Kuɗin Hannu Da Kuɗin Waya

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, a saurara. A 1973 aka canja mana fam da sule zuwa naira. Rediyo ya yi ta shela, fam ɗaya naira biyu, kowa ya gane lissafinsa. A 2023 kuwa, da Babban Banki ya janye tsofaffin takardun 200 da 500 da 1000, sababbi ba su wadata ba, sai aka ce a tura ta waya. To, wace waya? Wayar hannu ta shigo tun 2001, amma akwai kasuwar ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis. Manomi ya kawo gero, mai saye ya ce ya tura, saƙo bai iso ba har magariba. Wasu dole suka karya farashi don su riƙe tsaba, sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris.

Mu dai ra'ayinmu, a kafa turakun waya har ƙauye, a yi shela, kana a taɓa kuɗi. Dillalai kuwa, kada buhu ya tashi sai banki ya shaida. Hoton rasit ba biya ba ne. Allah ya ba da kasuwa.