Wane tsuntsu ne ya yi kukan?

'Yan uwa marubuta, wannan makon da kanmu za mu yi faɗa.

Mu duba labaran da muke turowa zauren nan. Jaruma tana zaune a lambu, iska mai daɗi tana kaɗawa, tsuntsaye suna rera waƙa. Wace iska, ta hunturu ko ta bazara? Waɗanne tsuntsaye? Ba mu da amsa, domin a fim ɗin Indiya muka gan su. In kuwa muka kai labari Jibiya, to shinkafar fasa-ƙwauri ce, ko 'yan bindiga, ko rufe iyakar da aka yi a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Iyakar abin da alƙalaminmu ya sani ke nan.

Alhali wanda ya tsaya a Magama ana duba takardun mota, in ya waiwaya gonaki zai ga gawo. Itacen nan da damina yake zubar da ganye, lokacin da kowa ke kore, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Da rani kuma ya yi lif, awaki su taru suna tsintar 'ya'yansa. Mu nawa muka taɓa sa shi a labari? Ga shamuwa, wadda in ta sauka manomi ya fara gyaran gona. Ga Gulbin Gada, da ke barin dam ɗin Jibiya ya shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ba wanda ya taɓa tambayarsa fasfo.

Mun san za a ce ana kashe mutane muna zancen tsuntsaye. To, manomin da tsoro ya hana shi zuwa gonarsa ta nesa, me ya rasa? Ba buhunan gero kaɗai ba. Ya rasa kukan kurciya da tsakar rana, da hayaniyar kwaɗi daren ruwan farko. Marubucin da bai taɓa sauraron waɗannan ba, in ya zo rubuta asarar mutumin nan, sai dai ya ce "hankalinsa ya tashi", ya wuce.

Don haka daga mako mai zuwa, duk wanda ya turo mana tsuntsaye suna rera waƙa, za mu tambaye shi sunan tsuntsun, da itacen da ya gan shi a kai.