FILIN IYALI: Suturar mata jiya da yau

Zamani riga ne, in ji masu iya magana. Duk wanda ya shiga babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram zai ga gaskiyar wannan zance. Tufafin mata sun sake. Abin da kaka ta ɗaura daban, abin da uwa ta yafa daban, abin da ɗiya take sawa yau daban. Sauyin bai tsaya a birni ba. Ya shiga ƙauyuka da rugage. Ya taɓa addini, ya taɓa aljihun maigida, har rumbun hatsi ya taɓa.

A da can, tufafin mace daga gona yake fitowa. Manomi ya noma auduga. Mata su gurje ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa, a kai marina a rina da baba. Wannan shi ne saƙi. Mace tana ɗaurin ƙirji da zane ɗaya, ta ɗaura kallabi a kai. In matar aure za ta fita unguwa, sai ta lulluɓa da zane na biyu. Matan Buzaye kuwa sun fi son turkuɗi mai ƙyalli, wanda ake rinawa a garin Kura, kusa da Kano. Saƙi yana da nauyi, amma yana jure wanki da aiki. Zane ɗaya sai ya yi shekaru.

Daga baya atamfa ta shigo. Akwai ƴar Holan, akwai ƴar Ingila. A Yamai ma masaƙar Sonitextil ta yi zamani tana buga tata. Teloli suka yawaita da kekunan ɗinki. Mata suka koma riga da zane da kallabi, su yafa gyale a kafaɗa ko a kai. Turmi ɗaya, wato zane uku, ya isa mace ta fita biki. Masaƙan ƙauye da marina suka fara rasa ciniki tun daga wannan lokaci.

Hijabi shi ne ya zo bayan gyale. Yadi ne da ake ɗinkewa, a bar wurin fuska kaɗai. Wani iyakarsa ƙirji, wani gwiwa, wani har idon sawu. Ba ya zamewa kamar gyale. Mace tana iya ɗaukar tulu ko ta goya yaro ba ta riƙe shi da hannu ba.

Daga ina ya fito? A shekarar 1978 aka kafa ƙungiyar Izala a garin Jos na Nijeriya. Malamanta sun matsa ga karatun mata da rufe jiki. Wa'azinsu ya ƙetaro iyaka ta bakin ƴan kasuwa da almajirai da kaset-kaset, ya fara kama ƙasa a Maraɗi. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, ƙungiyoyin addini suka samu damar yin aiki a fili. Makarantun Islamiyya suka yaɗu, har da na matan aure. A can ake karanta musu aya ta 31 ta Suratun Nur da aya ta 59 ta Suratul Ahzab, waɗanda suke magana a kan suturar mace. Da farko, in an ga mace da hijabi sai a ce ƴar Izala ce. Yau ba haka ba ne. Matan ƴan ɗariƙa suna sawa, ƴan lakwal suna sawa, masu tallan nono ma suna sawa.

Akwai wani dalili kuma, na aljihu. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin Sefa da rabi. Duk abin da ake sayowa daga Turai ya yi tsada, har da atamfa mai kyau. Hijabi kuwa yadi kaɗan yake ci, ɗinkinsa ba wuya. Yana rufe tsohuwar riga, yana rufe zanen da ya koɗe. Matar talaka da matar alhaji sai su zauna sahu ɗaya wurin suna, ba wadda ta ji kunya. Mata da yawa sun kama shi don addini, kuma sun same shi rufin asiri.

Zancen sutura ya sha tayar da ƙura a Nijar. A watan Nuwamba na 2000, bikin nunin tufafi na FIMA, wanda Alphadi ya ƙirƙiro, ya zo Yamai. Wasu ƙungiyoyin addini suka ce bai dace ba. Aka yi zanga-zanga a Yamai da Maraɗi, aka yi ɓarna. A shekarar 2015 kuma hukuma ta hana sa niƙabi mai rufe fuska a jihar Difa, saboda masu kai harin bam suna ɓuya a cikinsa. Ƙasar Cadi ma ta yi irin wannan doka a shekarar. Waɗannan abubuwa sun nuna tufafin mace ba ƙaramin zance ba ne.

Yau kuma hijabin kansa ya sake kama. Da baƙi da fari da ruwan ƙasa aka sani. Yanzu akwai kowane launi, akwai mai hannu, akwai mai ado a baki. Abaya tana zuwa daga Dubai da Makka. Lafaya, wadda aka sani da matan Cadi da Sudan da Barno, ta shiga kayan amare a ƙasar Hausa. Yadi mai araha yana zuwa daga Sin, wani ta kasuwar Kantin Kwari ta Kano. Ƴan mata suna ganin sabon yayi a wayar salula, su kai wa tela hoton. Kafin sallar bana ta wuce, yayin baɗi ya fito.

A nan ne manomi da makiyayi ya kamata su yi hattara. Yayi ba ya ƙarewa, hatsi kuwa yana ƙarewa. Da kaka hatsi yana araha. Wanda ya sayar da damma goma don kayan biki, shi ne zai sayi tiya da tsada in damana ta faɗi. Makiyayin da ya sayar da tunkiya mai ciki don abaya ya yi hasarar biyu. Haka nan kayan lefe. Akwati ya ƙara nauyi, samari da yawa sun kasa aure, wasu sun tafi cin rani don su haɗa shi. Daidai ruwa daidai tsaki. Iyaye su rage dogon buri. Addini ya ce a rufe jiki, bai ce a ci bashi ba.

Sai zancen lafiya. Galibin yadin hijabi na roba ne. Da bazara zafi yana wuce digiri 40 a Tawa da Ƙonni da Damagaram. Yadin roba ba ya shan zufa, yana kawo ƙuraje da ƙaiƙayi. Yadin auduga ya fi sanyi ga mai aiki cikin rana. A riƙa wanke hijabi da sabulu, a shanya shi ya bushe sarai. Kada a sa shi bisa jiƙaƙƙen kitso.

Akwai hatsari uku da kowace mace ya kamata ta sani. Na farko wuta. Yadin roba in ya kama wuta, sai ya narke ya manne a fata. Mai girki ta tuɓe dogon hijabi kafin ta duƙa gaban murhu. Na biyu injin niƙa. Bel ɗinsa yana fizgar bakin hijabi, ya ja wuya. Ƴan mata da ake aika niƙa su tsaya nesa da inji, masu inji kuma su rufe bel. Na uku babur. Dogon hijabi ko abaya yana shiga cikin ƙafar baya, ya kayar da mace da goyonta. Kafin ɗan kabu-kabu ya tashi, mace ta tattara tufafinta bisa cinya. Rigakafi ya fi magani.

Cikin wannan sauyi akwai abin samu. Ɗinkin hijabi yana cikin ɗinki mafi sauƙin koyo. Mace mai keke tana iya yin sa a cikin ɗakinta, ta sayar wa maƙwabta da ƴan makaranta. Ƙungiyar matan gari tana iya yin adashi, a sayi keke ɗaya da bandir ɗin yadi, a raba aiki. Wadda ta yi yaƙi da jahilci ita za ta riƙe littafin lissafi, ta rubuta awo da bashi da riba. Ta haka kuɗin hijabin ƙauye zai zauna a ƙauye.

Magidanta su zauna da iyalinsu tun kafin a ɗaure damma. A ware abincin shekara, a ware iri, a ware kuɗin magani. Abin da ya rage shi ne na tufafi. Allah ya ba da damana mai albarka, ya rufa asirin kowa.