Filin Mata: Doguwar Naƙuda da Aikin Fiɗa

Makon nan zancenmu a kan doguwar naƙuda ne, da abin da ake yi wa mace in haihuwa ta ƙi zuwa. Ina roƙon waɗanda suka iya karatu su karanta wa maƙwabtansu, 'yan makaranta kuma su karanta wa iyayensu, gama ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Kun sani jariri ta cikin ƙashin ƙugu yake bi ya fito. To, wani lokaci kansa yakan fi ƙofar girma, ko ya kwanta a gicciye. An fi samun haka ga yarinyar da ta ɗauki ciki ƙugunta bai gama buɗewa ba, amma mai haihuwa ta bakwai ma ba ta tsira ba. In haka ta faru, kan yaron sai ya danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina kaiwa wurin. In aka kwana biyu ko uku a haka, naman wurin sai ya mutu. Bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar ƙofa, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Wannan shi ne yoyon fitsari. Galibi yaron ba ya zuwa da rai, wata kuwa mahaifarta ce ke fashewa, ita ma a rasa ta.

Sa'an nan ga yankan gishiri. Ungozoma ko wanzami sukan sa aska su tsaga gaban mace, wai su buɗe hanya. Ai ƙashi ne ya tare yaron, aska kuwa ba ta ƙara faɗin ƙashi. Abin da takan yi shi ne ta yanke mafitsara, ko ta jawo zubar jini, ko ta kai ƙwayoyin cuta cikin jiki. An bincika mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba a asibitin koyarwa na Zariya daga 1969 zuwa 1980. Kashi 83 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuwa yankan gishiri.

To, mene ne magani? In likita ya ga yaro ba zai fito da kansa ba, sai ya yi fiɗa, wato tiyata. Yawanci akan yi wa mace allura a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu na 'yan sa'o'i, tana farke tana jin kukan ɗanta. A tsaga ƙasan mara, a ciro yaro da mabiyiya, a ɗinke. Aikin bai cika wuce sa'a guda ba.

Ba zan ɓoye muku ba, fiɗa tana da nata haɗari. Akan zubar da jini har a nemi ƙari. Ɗinki yakan yi ruwa. Wani lokaci wuƙa takan taɓa mafitsara. Tabon da ke jikin mahaifa kuma yana iya yagewa a wata naƙudar. Amma ku lura da wannan: haɗarin ya fi yawa ga wadda aka kawo bayan ta galabaita kwana uku a gida, ya fi ƙanƙanta ga wadda ta zo da ƙarfinta. Shi ya sa mutane ke cewa wance ta mutu a tiyata, alhali kuwa jinkirin da aka yi a ɗaki ne ya cinye ta.

Wadda aka yi wa fiɗa ta huta kamar shekara biyu kafin wani cikin, kuma kada ta sāke yin naƙuda a gida. Ba dole ne kowace haihuwa ta zama ta fiɗa ba, amma likita ne zai faɗa, ba kaka ba.

Wadda kuwa yoyo ya riga ya same ta, kada ta ɓuya a ƙuryar ɗaki. Ciwo ne mai magani, ba maita ba, ba kuwa laifinta ba. In ta zo da wuri, akan sa mata robar fitsari na makonni huɗu zuwa shida, ƙaramar ƙofa takan rufe da kanta. In ba ta rufe ba sai a ɗinke, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa ɗinkin farko sukan warke. A Habasha, likita Catherine Hamlin da mijinta sun buɗe asibitin wannan ciwo a Addis Ababa cikin 1974. A nan gida akwai asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda likita Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya yi wa dubban mata aiki. Akwai kuma na Ningi, da sashen Laure a asibitin Murtala na Kano, da na Danja kusa da Maraɗi. Bayan ɗinki mace ta nisanci shimfiɗar miji aƙalla wata uku, haihuwar gaba kuma a asibiti ta hanyar fiɗa. Maigida ya yi haƙuri, sakinta ba zai warkar da ita ba.

Ga abin da nake so ku riƙe. Ku je awon ciki tun da wuri. In naƙuda ta kai sa'a 12, wato daga asuba zuwa magariba, ba a haihu ba, a tafi asibiti. In aka ga jini, ko jijjiga, ko hannu ko cibiya ta riga fitowa, a tafi nan take. 'Yar fari kada ta ɓoye naƙuda don kunya. Ku nemi iznin maigida tun ciki yana ƙarami, ko da ranar ba ya gari, a tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da jini. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya sauke masu ciki lafiya. Sai mako mai zuwa.