Iskar duniya na yoyo: ina ruwan Magariya da Dungas?

A watan Agustan 2024, masanan hukumar NASA ta Amurka sun fitar da sakamakon rokar Endurance, wadda aka harba daga tsibiran Svalbard na Norwe a Mayun 2022. Ta auna wani raunannen ƙarfin lantarki, volt 0,55 kacal, mai ingiza ƙwayoyin iska daga saman ƙuryar arewacin duniya zuwa sararin samaniya.

Yoyon ba zai ƙarar da iskar shaƙa ba. Amma yana ƙaruwa idan rana ta yi aman wuta, lokacin da saman iska ke kumbura yana janyo taurarin ɗan'adam ƙasa. Haka Starlink ya yi asarar kusan 40 a Fabrairun 2022.

Ga shi Starlink ya shigo Nijar a 2025, mutanen karkara na sa rai da shi inda rezo ke wuya. Shi ya sa layin fibre optique na Damagaram zuwa Magariya har iyakar Najeriya ke da muhimmanci: guguwar da ke kayar da tauraro ba ta tsinka wayar da ke binne. Saura a miƙa reshensa zuwa Dungas da ƙauyukanta.